Ƙaramin Jirgin Sama, Allon Matuƙa

Da hutun kaka da ya wuce ina gida a Malam Madori, ran nan da la'asar sakaliya muna zaune a inuwa kusa da tasha, sai muka ji ƙugi daga yamma. Muka ɗaga kai, sai ga wani ɗan farin jirgin sama ƙasa-ƙasa, har ana ganin ƙafafunsa uku, ya bi ta kanmu ya nufi wajen fadama. Yara suka ɗauki sowa suna binsa da gudu. Akwai wani dattijo a cikinmu wanda ya sauke farali sau biyu, duk ta jirgin sama. Ya dubi ɗan jirgin nan ya taɓe baki, ya ce wannan ai ba jirgi ba ne, ɗan tsako ne, shi ko da kuɗi aka haɗa shi ba ya shiga. Sa'an nan ya juyo gare ni ya ce, "Kai ɗan makaranta, inji nawa gare shi?" Na ce, "Ɗaya ne, Baba." Ya ce, "To, in ɗayan ya mutu fa?" Na tsaya ina 'yan kame-kame, aka yi mini dariya, aka tashi salla.

Abin nan ya tsaya mini a rai ƙwarai. Da na komo makaranta na shiga bincike, na kuwa ga ya kamata in rubuta wa 'yan'uwana abin da na samu, gama yawancinmu malanta za mu yi, kuma ba shakka wata rana yaran ƙauye za su tsare mu da irin wannan tambaya. Farkon abin da na gane shi ne, matuƙin babban jirgin nan da ya kai dattijon Jidda, a cikin irin ɗan tsakon nan ya koyi sana'arsa. Yadda ba a zama alaramma sai an riƙe allo, haka ba a tuƙa babban jirgi sai an fara da ƙarami mai inji ɗaya. Kuma daga cikin manyan darussan da a ke biyawa a allon nan har da amsar tambayar dattijo.

Jirgin sama ya fara sauka Kano ran 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman. Jirage uku ne na mayaƙan sama na Ingila, suka taso daga Masar, shugabansu wani hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Kowane inji ɗaya gare shi da mazauni biyu, amma na yaƙi ne, ba irin wanda mutum zai saya don kansa ba. A cikin wannan shekara ce kuma, ran 22 ga Fabrairu, wani maƙerin jirage a Ingila, Geoffrey de Havilland, ya fara tashi da wani ɗan jirgi da ya ƙera don a koyi tuƙi da shi, a kuma yi yawon buɗe ido. Ya raɗa masa suna Moth, watau ƙwaron nan faɗa-wuta, ɗan'uwan malam-buɗe-littafi na dare, don shi mutum ne mai sha'awar irin ƙwarin nan. Da katako da zane aka yi shi, fiffike biyu ɗaya bisa ɗaya, injinsa ƙarfin doki 60 ne kurum. Ana iya naɗe fikafikansa su kwanta a jikinsa, a tura shi cikin rumfar mota a kulle.

Ɗan jirgin nan ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa tuƙin sama ga mutanen da ba soja ba, har mata. A 1928 wata mace, Lady Bailey, ta tashi da irinsa ita kaɗai daga Ingila har Kef ta Afirka ta Kudu, da za ta koma ta biyo ta Kwango, ta bi gefen hamada na kudu, ta ɓulla yamma, ta isa gida a Janairu 1929. A 1930 kuma Amy Johnson ta kai shi Ostireliya. Daga zuriyarsa aka sami Tiger Moth a 1931, mai ƙarfin doki 130, wanda aka ƙera fiye da 8,000, a cikinsa ne dubban matuƙan Ingila da ƙasashen da ke ƙarƙashinta suka koyi tuƙi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙi kasuwa ta koma hannun Amurka, aka bar katako da zane aka kama farin ƙarfe marar nauyi. Cessna 172, mai mazauni huɗu da fiffike ɗaya a bisa kai, an fara sayar da shi a 1956, an kuwa ƙera fiye da 44,000, ba wani jirgi a duniya da ya kai shi yawa.

To, bari mu koma ga abin da ke riƙe da jirgi a sama, don duk maganar a nan ta ke. In kana cikin mota tana gudu, fid da tafin hannunka ta taga, ka shimfiɗa shi sosai. Ba abin da za ka ji sai ɗan turi. Ɗan ɗaga kan yatsunka sama kaɗan, nan da nan za ka ji hannun yana so ya tashi. Dalili kuwa, tafin yana karkatar da iskar da ta taras da shi zuwa ƙasa, ita kuma tana tunkuɗa shi sama. Fiffiken jirgi haka ya ke, sai dai an ƙera shi da dabara: gabansa da kauri, bayansa siriri kamar bakin wuƙa, samansa a ɗan tanƙware, don iska ta bi ta kansa ta kwanta tana gangarawa baya. Ta haka dannin iskar da ke bisansa ya kan ragu, na ƙarƙashinsa ya rinjaya, sai fiffike ya ɗaga, ya ɗauki jirgi da abin da ke ciki.

Ku lura da wannan da kyau, 'yan'uwa: ba inji ke riƙe da jirgi a sama ba, fiffike ne. Aikin inji kawai ya juya farfela, ita kuwa farfela ta ja jirgin gaba don iska ta riƙa bi ta kan fiffike. Muddin iska na bi da isasshen gudu, fiffike ba ruwansa da ko inji ne ya kawo gudun ko gangara ce.

Amma fa fiffike yana da iyaka. Koma ga hannunka na taga, ka yi ta ɗaga shi har ya kusa miƙewa tsaye. Za ka ji ɗagawar ta ɓace, sai turi baya kaɗai ya rage. Haka in matuƙi ya cika ɗaga hancin jirgi, gudu ya ragu, karkatar fiffike ga iska ta wuce kimanin digiri 15 ko 16, sai iskar saman ta daina kwanciya, ta hargitse, jirgi ya yi rawa, hanci ya faɗi. Mu ce da wannan suɓucewar iska. A irin ƙananan jiragen nan ta kan zo in gudu ya sauko wajen mil 45 zuwa 55 a sa'a. Maganinta kuwa abu ne da zuciya ba ta so: mutum na jin yana faɗuwa, ransa na ce masa ya ƙara ɗaga hanci, alhali sai ya dangwarar da hancin ƙasa, gudu ya komo, kāna fiffike ya sake kama iska. Saboda haka malami ya kan hau da almajiri can sama inda akwai sarari, ya sa shi ya jawo suɓucewar da gangan, ya warware ta, ya sake, ya sake, har hannunsa ya riga tsoronsa.

Kayan sarrafa jirgi ba su da yawa, wanda ya iya doki ba zai sha wuyar gane su ba. Akwai sanda a gaban matuƙi, a wasu jiragen kuwa kamar rabin sitiyarin mota, ita ce linzami. In ka jawo ta, wani leɓe a wutsiya ya kan ɗaga, hanci ya yi sama. In ka tura ta, hanci ya yi ƙasa. In ka kai ta dama, leɓatun da ke ƙarshen fikafikai su kan motsa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, jirgi ya kishingiɗa dama. Da wannan kishingiɗa a ke juyawa, kamar mai keke in zai sha kwana. A ƙafa akwai matakai biyu kamar likkafa, su ke karkata tsayayyen leɓen wutsiya, kamar yadda mai kwale-kwale ke gyara hancinsa da filafili daga baya. Sai kuma maƙurar mai, da a ke ƙara wa inji wuta ko a rage. A jirgin koyo duk kayan nan biyu-biyu ne, haɗe da juna, malami na da nasa almajiri na da nasa, don in yaro ya ɓata malami ya karɓe nan take. A Tiger Moth malami a gaba ya ke zama, almajiri a baya, kansu a waje iska na dukansu, ta wani bututun roba su ke magana. Ba shi da birki, kuma da hannu a ke murza farfela a ta da inji. Na yanzu kafaɗa da kafaɗa a ke zama cikin gilashi, da abin magana a kunne.

Tun ba a shiga jirgi ba karatu ya fara. Almajiri zai kewaya shi yana dubawa, kamar mahayin da ke taɓa majayi kafin ya sa ƙafa a likkafa: tayoyi, leɓatu, farfela, man inji. Zai buɗe tanki ya ga fetur da idonsa, ba ya dogara ga allurar awo kaɗai. Zai tsiyayi kaɗan daga gindin tanki cikin ƙaramin kofi ya ɗaga ga haske, don raɓa kan taru cikin tanki, ruwa kuwa ya fi fetur nauyi, gindi ya kan kwanta, in ya shiga inji ya kashe shi. Injin kansa an yi masa tanadin da na mota ba shi da shi: kowace silinda fulogi biyu gare ta, da magineto biyu masu ba su wuta, kowane da hanyarsa, ba su kuma dogara ga batir ba. Kafin a tashi sai an gwada kowane shi kaɗai. In ɗaya ya yi tari, ran nan ba tafiya.

Tashi ba shi da wuya, a kan fuskanci iska ne a buɗe wuta, jirgi da kansa ya kan so barin ƙasa. Sauka ita ce aiki. Sai mutum ya gangaro da gudun da bai yi yawa ba bai kuma yi kaɗan ba, ya zo daf da ƙasa, ya riƙa ɗan jawo sanda sannu sannu har gudun ya ƙare daidai lokacin da tayoyi suka taɓa. Wanda ya yi garaje ya kan buga ƙasa ya yi tsalle kamar ƙwallo. Don haka a kan shafe kwanaki ana abu guda: a tashi, a kewaya fili, a sauka, a sake tashi. Rannan, sau da yawa bayan sa'a 10 zuwa 20 a sama, ba zato sai malami ya buɗe ƙofa ya fita, ya ce wa yaro ya je ya kewayo shi kaɗai. Matuƙa sun ce ba mai manta wannan rana. Kafin a ba mutum takardar tuƙa jirgin kansa, ƙa'idar duniya ita ce ya yi aƙalla sa'a 40 a sama, ban da jarrabawar ilmin iska da taswira da doka. Mai son ya tuƙa don albashi kuwa sai ya kai wajen sa'a 150 zuwa 200.

Ba sai an tafi Turai a ke wannan karatu ba. A Zariya akwai kwalejin koyon aikin jirgin sama da aka kafa a 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta daɗe tana koyarwa da wani ɗan jirgin Faransa mai suna Tampico, daga baya ta sayo Diamond DA40 na ƙasar Ostiriya. A nan Chinyere Kalu ta yi karatu, mace ta farko a Nijeriya da ta zama matuƙiyar jirgin haya, har daga baya ta shugabanci kwalejin. Mayaƙan sama na Nijeriya, su ma a 1964 aka kafa su, a Kaduna su ke fara koya wa yaransu. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a Kadunan nan an taɓa harhaɗa jirgin koyo, aka kira shi Air Beetle, watau buzuzun sama. Ga faɗa-wuta a Ingila, ga buzuzu a Kaduna! Asalin zanensa na Amurka ne, wani jirgi mai suna RV-6A wanda a ke sayar da shi gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa a gida, aka yi masa gyare-gyare. Na farko ya tashi a 1989, aka yi odar 60, injinsa ƙarfin doki 180. Ya yi shekaru yana aiki, sa'an nan daga 2016 aka fara kawo Super Mushshak daga Fakistan. A ganina abin takaici ne da ba a ɗora a kan wannan harsashi ba, gama ƙasar da za ta koyi ƙirar jirgi, ita ma da ƙarami za ta fara.

Yanzu mu ɗauka almajiri ya ƙware a kewayen fili, an ce ya tashi daga Kano ya zo bisa Malam Madori ya koma. Tsakaninsu a miƙe kimanin mil 100 ne, gabas maso arewa. Kayan aikinsa uku ne, taswira da kamfas da agogo. Gaskiya yanzu akwai na'urar da ke karɓar labari daga tauraron ɗan adam ta nuna wa mutum inda ya ke, amma malamin kirki ya kan rufe ta, don ran da ta ɗauke kada yaro ya zama makaho. Sa'ar da ya yi a wannan hanya ita ce layin dogo, wanda aka shimfiɗa daga Kano ya kai Nguru a 1930. Daga sama kamar zare ya ke, ya bi ta Ringim da Taura da Gagarawa har garinmu, kogin Haɗejiya kuwa na hannun dama yana ta lauje-lauje. Tun zamanin Moth matuƙa ke bin dogo in sun rikice.

Ga wani ɗan lissafi da za ku iya ba yara a aji. Jirgi na gudun mil 100 a sa'a cikin iska, ran da ba iska tafiya sa'a guda ce, komowa sa'a guda, minti 120 ke nan. To, a ce da hunturu ne, iskar arewa maso gabas na busowa mil 20 a sa'a, tana bugun hancinsa. A zuwa mil 80 kaɗai zai riƙa ci a ƙasa, tafiya ta zama minti 75. A komowa tana tura shi, mil 120, minti 50. Jimla minti 125. Ashe iska ba ta biyan bashin da ta ci duka, don ta fi daɗewa tana hana ka bisa ga yadda ta daɗe tana taimakonka. Wanda bai san wannan ba ya kan auna mai daidai wa daida, ya ƙare masa a hanya. In kuwa daga gefe iskar ke zuwa, sai a yi dabarar masuntan Haɗejiya: mai ƙetare kogi da damina ba ya saita hancin kwale-kwale ga mashigin da ya ke so, sama da shi ya ke nufa, ruwa ya gangaro da shi daidai.

Kowane lokaci na shekara a ƙasarmu da irin jarrabawarsa. Da hunturu hazo ne. Ya kan yi kauri har sama da ƙasa su zama launi guda, a rasa inda suka rabu. Nan ne haɗari ya ke, don abin da ke gaya wa mutum a tsaye ya ke ko a karkace yana cikin kunnensa ne, shi kuwa in ido bai taimake shi ba ya kan yi ƙarya a sama. Mutum na iya kishingiɗe yana gangarawa, jikinsa na rantse masa a daidai ya ke. Sai wanda aka koya wa gaskata allurai ya ƙaryata jikinsa ke fita, shi ya sa a Tiger Moth a kan lulluɓe almajiri da wata rumfar zane ya tuƙa bai ga waje ba. Da bazara kuma zafi ne. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela da inji duk ba su samun abin kamawa sosai. Garinmu bai fi kimanin ƙafa 1,200 bisa teku ba, amma ran da awon zafi ya wuce 40, jirgi ya kan ji kamar daga tudun Jos ya ke tashi, sai ya ci fili mai tsawo kafin ya ɗaga. Da damina kuwa hadarin gabas ne, wanda ƙaramin jirgi ba ya wasa da shi ko kusa. Don haka da sassafe a ke son tafiya, kafin ƙasa ta yi zafi, iska ta fara tafasa, ungulaye da shirwa su hau suna shawagi. Karo da ungulu ɗaya ya isa ya fasa gilashin gaba.

Ƙanƙantar jirgin nan da rashin saurinsa su ne amfaninsa a fadamarmu. Babban jirgi na can ƙafa dubu talatin, ba ya ganin kome. Shi kuwa ƙarami ya kan sauko ya bi a hankali. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 ambaliyar da manoma da masunta da makiyaya ke dogara gare ta ta ragu, da aka kafa aikin kiyaye dausayin Haɗejiya da Nguru a 1987, da ƙaramin jirgi aka riƙa kewayawa ana zana iyakar inda ruwa ya kai. Da jirgi mai inji ɗaya kuma a ke yi wa jan-baki feshi a makwancinsu da magariba, in sun addabi gero da shinkafa. Wannan aiki manomi na murna da shi, amma maganin ba ya tambayar sunan tsuntsu, kuma ruwan da ya ke sauka a kai shi mutane da dabbobi ke sha. Ya kamata a riƙa auna wannan kafin a aika da jirgi.

To, mun zo ga tambayar dattijo. In inji ya mutu, jirgi ba ya faɗowa kamar dutse, tun da mun ga fiffike ke riƙe da shi. Matuƙi zai ɗan sunkuyar da hanci, gangara ta maye gurbin inji, jirgi ya riƙa saukowa sannu kamar shirwa da ta daina kaɗa fiffike, sanda da matakai duk suna aiki. Irin su Cessna 172, duk ƙafa ɗaya da suka sauko su kan ci gaba kamar ƙafa tara. Wanda ke ƙafa 6,000 bisa tashar Malam Madori yana da wajen mil 10 a hannunsa ran da ba iska, da 'yan mintoci na tunani. Haɗejiya na kimanin mil 12, saboda haka kada ya yi kwaɗayin kai ta. Wanda ya ja hanci sama don ya miƙa tafiyar, suɓucewar iska zai jawo wa kansa kusa da ƙasa, inda ba sararin warwarewa. Malami ya kan kashe wutar inji ba zato a tsakiyar hira, ya ce wa yaro, "Ina za ka sauka?" Yaron kirki ya riga ya zaɓa tun ba a tambaye shi ba, don an koya masa duk inda ya ke tafe idonsa na neman fili.

A nan ne ɗan ƙasa ya fi baƙo. Baƙo zai hango fadama kore shar, shimfiɗe kamar tabarma, ya ce ya samu. Mu kuwa mun san abin da ke ƙarƙashin koren nan laka ce, ko ruwa a cikin kacalla, da tayoyi sun taɓa za su kafe, jirgi ya kifa. Jigawar da ke tsakanin fadamu ta fi, ko da ya ke inda rairayi ya cika laushi shi ma yana riƙe taya. Gonar da aka girbe ba laifi, amma sai a bi tsawon kunya, kada a gitta ta. A lura da suri, da kututture, da gawo da kuka da ke tsaye ɗai-ɗai a tsakiyar gonaki, da wayoyin lantarki a bakin hanya, waɗanda ba a ganinsu daga sama sai dai a nemi turakunsu. Wajen da iska ke busowa kuwa, hayaƙin girki ko ƙurar garke za su faɗa masa, ya sauka yana fuskantarta don gudunsa a ƙasa ya ragu. Jirgin da ke taɓa ƙasa da gudun mil 50, in aka kai shi da hankali, sau da yawa ko ya lalace mutanen ciki su kan fito da ƙafafunsu.

Amma kada in zalunci dattijo, yana da gaskiyarsa. Duk dabarar nan tana bukatar abu biyu, a ga ƙasa, kuma a sami mutane kusa da inda aka sauka. A Afrilu 1933 wani Bature, Kyaftin Bill Lancaster, ya taso daga Ingila cikin ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, Avro Avian, yana so ya karya tarihin saurin zuwa Kef. Ya makara a hanya, ga gajiya, ga rashin barci, duk da haka ran 12 ga wata ya tashi daga Reggane ta ƙasar Aljeriya da yamma, ya nufi Gao ta bakin Kwara, zai ƙetare hamada da dare. Bai yi sa'a biyu ba inji ya mutu. Cikin duhu bai ga ƙasa ba, jirgi ya buga ya kifa. Ya fito da rai, da rauni a fuska, da ɗan ruwan da bai fi galan biyu ba. Ya zauna a inuwar fiffike kwana takwas yana rubuta abin da ke faruwa a littafin jirginsa, masu nemansa kuwa suna can suna dubawa a wani wuri. Ba a gan shi ba sai a Fabrairu 1962, shekara 29 baya, sa'ad da wasu sojan Faransa masu sintiri suka taras da gawarsa a gefen jirgin, littafin na ɗaure a fiffike. Ragowar jirgin an kai ta gidan ajiye kayan tarihi na Queensland a Ostireliya.